Dogo da Ƙauyukan Zazzau: Me Jirgin Ƙasa Ya Sauya a Da, Me Kuma Ake Sa Ran Zai Sauya Yanzu?

Tun da aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano a watan Yulin 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Zariya, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun dattawa da shagunan Sabon Gari, wato in jirgi ya dawo arzikin da ya tafi zai dawo. Masu wannan magana suna tuna lokacin da tashar Zariya ba ta barci, taragai cike da auduga da gyaɗa da kiraga suna jiran a ja su zuwa Ikko, wato Legas. Wasu kuma, musamman matasan da suka yi karatun tarihi, suna cewa Turawa sun shimfiɗa dogo ne kawai don kwashe albarkatun ƙasa, talaka bai tsira da komai ba sai wahala. Tambayar da ta kamata a warware ita ce, ta wace hanya jirgin ƙasa ya sauya rayuwar mutanen karkara a ƙasar Zazzau da maƙwabtanta, wa ya ci riba, wa ya ɗauki nauyi, kuma shin abubuwan da suka sa ya yi wancan tasiri suna nan har yanzu?

Wane dogo ake nufi?

Ana yawan cakuɗa abubuwa biyu wuri guda. Tsohon dogon da ya ratsa Zariya ƙaramin layi ne, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Sabon da ake ginawa, irin wanda ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, don haka jirgin wannan ba ya hawa kan wancan, kuma tasoshinsu daban-daban ne. Bambanci na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai noma: akwai jirgin fasinja, akwai jirgin kaya. Tsohon dogo ya ɗauki mutane, amma kaya ne suka riƙe shi, su ne kuma suka shiga rayuwar ƙauye har cikin rumbu.

Yadda kaya ke tafiya kafin zuwan jirgi

Kafin dogo, ƙasar Zazzau ba a rufe take ba. Ayarin fatake na ratsa ta da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, suna sauka zango-zango, wasu sun nufi Nupe da Ilori, wasu sun fito daga Gwanja da goro. Sai dai abin da mutum zai ɗauka a ka bai wuce kilo 25 zuwa 30 ba, kuma shi da jakin duk sai sun ci a hanya. Wannan ne ya iyakance irin kayan da ake kaiwa nesa: sai mai tsada marar nauyi, kamar goro, kanwa, gishiri, tufafin da aka rina da fatun da aka jeme. Buhun dawa ko na gyaɗa ba ya jure tafiyar wata guda, domin kafin a isa kuɗin dako ya cinye kuɗin kayan. Saboda haka hatsi kan tsaya kusa da inda aka noma shi, auduga kuma takan bi ta hannun mata masu kaɗi zuwa masaƙa da marina na garuruwa irin su Kudan da Hunƙuyi da Maska, ko ta wuce Kano.

Babban abin da jirgi ya yi shi ne karya kuɗin dakon kaya masu nauyi. Duk sauran sauye-sauyen da za a ambata daga nan suka samo tushe.

Yadda Zariya ta zama mararraba

An fara aikin dogo daga Ikko a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan dogo ne tun asali, shi ya jagoranci shimfiɗa layi daga Baro a bakin kogin Kwara tun daga 1907, da nufin a riƙa sauke kaya a jiragen ruwa. Layin ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911, sannan aka haɗe shi da na Ikko a Minna a 1912, shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu a siyasance. A farkon lamari sai an tsallakar da taragai a kan ruwa a Jebba, har zuwa lokacin da aka kammala gada a 1916.

Daga Zariya aka fitar da rassa biyu. Na farko shi ne siririn layin nan mai faɗin ƙafa biyu da rabi da ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau tsaunukan Jos a 1914. Turawa sun sa masa sunan Bauci, amma bai taɓa shiga garin Bauci ba, kuza kawai ya je ɗaukowa. Na biyu shi ne wanda ya nufi arewa maso yamma ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Wanda ya dubi taswira zai ga cewa kowane layi ya taso ne daga wurin da ake samun wani abin sayarwa ya nufi teku. Ba a yi wani layi don haɗa Zariya da Katsina ko Sakkwato da Borno ba, ko da yake waɗannan su ne hanyoyin cinikin da mutanen ƙasa suka sani tun kaka da kakanni. A nan masu sukar dogo suna da hujja mai ƙarfi.

Aikin diga da waɗanda suka yi shi

Ba inji ne ya haƙa wannan hanya ba, mutane ne da diga da shebur da kwando a ka. Razdan, wato babban jami'in Turawa mai kula da lardi, kan yanka wa sarki adadin mutanen da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci kuma ya aika a kamo wanda ba shi da mai tsaya masa. Ana biyan lada, wanda bai kai sule guda a yini ba, amma zuwan ba na ganin dama ba ne, kuma wanda aka ɗauke lokacin shuka ko girbi gidansa ne ke kwana da yunwa a baɗi. Haka nan an tilasta wa ƙauyukan da ke kusa da layi kawo hatsi don ciyar da leburori a kan farashin da hukuma ta yanke. Sarkin Zazzau na wancan zamani, Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903 kuma Turawa suka tuɓe shi daga baya suka kai shi Lakwaja, ya yi waƙa a kan wannan aiki, wadda aka sani da Waƙar Diga. Kalmar diga kanta ta zauna a bakin Bahaushe da ma'anar aikin tilas mai cin rai.

Amma lamarin yana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Ƙasar Zazzau na cike da rinjoji, wato ƙauyukan bayi masu noma wa sarakuna da attajirai. Dokar Turawa ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara, ta kuma hana cinikin bayi, amma ta bar waɗanda ke hannu a hannun iyayengijinsu sai in sun fanshi kansu. Aikin dogo da na haƙar kuza sun ba bawa abin da bai taɓa samu cikin sauƙi ba, wato tsabar kuɗi da wurin da ba a san asalinsa ba. Wasu sun tara sun biya fansa, wasu sun bi layi sun ɓace cikin sababbin garuruwa. Ba a soke bauta baki ɗaya a dokance ba sai 1936, amma tun kafin nan dogo ya riga ya sassauta igiyar.

Kuɗin da aka biya leburori ma wani makami ne. Da sulalla da sisi da kwabo da anini aka biya su, sannan hukuma ta nace a riƙa biyan haraji da irin waɗannan kuɗi maimakon wuri ko hatsi ko tufafi. Daga ranar da haraji ya koma tsabar kuɗin Bature, kowane magidanci ya zama dole ya noma abin da kanti zai saya, ko ya tura ɗansa cin rani.

Bature ya shuka auduga, gyaɗa ta tsiro

Masu masaƙun Lankasha a Ingila ne suka fi kowa matsa lamba a kai dogo Kano. Sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, a 1902, suna neman madadin audugar Amurka, kuma da jirgi ya iso suka kafa injin gurzar auduga a Zariya suna jiran kaya su kwararo. Abin bai zo musu yadda suka zata ba. Masaƙan gida, musamman na ƙasar Kano, suna sayen auduga da tsada fiye da abin da Bature ke bayarwa, don haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. A daidai lokacin kuma masana'antun sabulu da man girki na Turai suna neman gyaɗa ido rufe. 'Yan kasuwar Kano da suka goge a fataucin goro suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami, suna cewa a shuka gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba a 1911, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa taragan ɗauka. Alhassan Ɗantata, wanda daga baya sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa, cikin wannan ciniki ya yi fice.

Lissafin manomin ba shi da wuyar ganewa. Gyaɗa ya san ta tun da can, ana shuka ta tsakanin kunyoyin gero, tana gyara ƙasa, kuma in kasuwa ta faɗi ana cin ta, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli. Auduga kuwa in ta yi kwantai ba mai dafa ta.

A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara, inda ruwa ya fi yawa ƙasa kuma ta fi nauyi, auduga ta samu karɓuwa daga baya, amma sai da hukuma ta sa hannu sosai. An kawo irin Amurka mai dogon zare da ake kira Allen, ana raba angurya kyauta ta hannun hakimai, aka keɓe fulotai inda a nan kaɗai ake awo da saye, aka kuma kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, wadda ita ce tushen cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a yau. Wannan ya nuna cewa ƙarfen dogo shi kaɗai bai isa ba. Sai da aka haɗa shi da iri da mai saye da sikeli da haraji mai kora daga baya, sannan gona ta juya.

Akwai kuma abin da bai faru a nan ba, wanda ya kamata a lura da shi. A Amurka, bayan an haɗa gabas da yamma da dogo a 1869, kamfanonin jirgi sun samu filaye masu yawan gaske suka sayar wa baƙi, aka ture 'yan asalin wurin. A Kenya ma Turawa sun bi dogo sun mamaye ƙasar noma mafi kyau. A Arewacin Nijeriya dokar ƙasa ta 1910 ta sa filaye ƙarƙashin ikon Gwamna, ba a kuma buɗe ƙofar manyan gonakin Turawa ba. Saboda haka gyaɗa da audugar da suka cika taragai daga ƙananan gonakin magidanta suka fito, da fartanya da garma da hannun iyali.

Garin da ya samu tasha da wanda bai samu ba

Jirgi bai shiga birnin Zazzau ba. An ajiye tasha a arewacin rafin Kubanni, nesa da ganuwa, a nan kuma Sabon Gari ya tsiro da ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a daga Kudu da Saliyo da Gana, yayin da Tudun Wada ta karɓi baƙin da suka fito daga sassan Arewa. Kamfanoni irin su John Holt da Paterson Zochonis suka jera kantunansu kusa da layi, shi ya sa har gobe ake kiran wannan yanki PZ. Nauyin ciniki ya bar kasuwar birni ya koma tsallaken rafi, bai kuma dawo ba. Kaduna ma, wadda fili ce a ƙasar Zazzau, dogo ne ya sa aka zaɓe ta, hedikwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta koma can a 1917.

A karkara misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Maska da Funtuwa. Maska tsohon gari ne mai sarauta da saƙa da rini, Funtuwa kuwa ƙaramin wuri ce. Da hanya da dogo da injin gurza suka zauna a Funtuwa, sai komai ya bi su, har hakimin da ke riƙe da sarautar Sarkin Maska ya koma can da zama. Gusau da Ƙaura Namoda sun cika da baƙi ta wannan hanya. Ƙananan tasoshi kamar Likoro da Gimi sun samu 'yan kasuwanni da masu sayar da abinci da rake ga fasinja. Garuruwan da suka rayu da saukar ayari kuwa, waɗanda layi ya kauce musu, sun ga zangonsu ya zama kufai, musamman bayan goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko a ɗora shi a jirgi.

Wani zai zaci jirgi ya kashe sana'ar masu jakuna. Akasin haka aka gani. Tafiyar nesa ta mutu, amma ta kusa ta ninka, domin kowane buhu sai an kawo shi tasha ko fuloti daga ƙauye, kuma jaki da mangala ne suka yi wannan aiki shekaru da dama kafin motoci su yawaita. Iyakar inda jaki zai kai kaya da riba, nan ne iyakar inda albarkar dogo ta tsaya.

Rumbu, yunwa da annoba

Jirgi ya iso ke nan aka yi fari a 1913, yunwar da ake kira Ƙaƙalaba ta biyo baya a 1914, ta yi ɓarna mai yawa a arewacin ƙasar Hausa. Tun daga lokacin ake gardama a kan rawar da sabon tsarin ya taka. Masu kare dogo suna cewa shi ne ya ba da damar kawo hatsi daga inda aka samu zuwa inda aka rasa cikin 'yan kwanaki. Masu suka suna cewa gonar da aka ba gyaɗa da auduga an rage wa gero da dawa ne, kuma karɓar haraji da kaka ya sa magidanci sayar da amfaninsa lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saya da tsada ko ya ci bashi da bazara. A ganina duka biyun gaskiya ne, sai dai ba mutum ɗaya suka shafa ba: hatsin da jirgi ya kawo mai kuɗi a hannu ya amfana da shi, wanda rumbunsa ya ƙare kuma aljihunsa ya bushe kallo kawai ya yi.

Cuta ma ta samu abin hawa. Murar da ta game duniya a 1918 ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo zuwa Arewa cikin 'yan makonni.

Masaƙa da maƙera sun ji jiki sannu a hankali, domin taragon da ya tafi da auduga shi ne ya dawo da akoko da atamfa da kwanonin sha da gishirin Turai. Ba su mutu dare ɗaya ba, babbar riga da zanen saƙi sun daɗe suna da masu so, amma kasuwar yau da kullum ta suɓuce musu.

Ina ribar ta tafi?

Manomi ya samu kuɗin da ubansa bai taɓa riƙewa ba, ya sayi keke da fitila da kwanon rufi, wasu sun je Makka. Sai dai tsakaninsa da farashin kasuwar Liverpool ta Ingila akwai ɗan baranda da dillali da akawun sikeli da kamfani da kuɗin jirgi, kowa da rabonsa. Daga 1949 hukumomin ciniki na gyaɗa da na auduga suka karɓi sayen amfanin, suna yanke farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga asusun gwamnati. Da irin wannan rara aka yi ayyuka da dama na Jihar Arewa. Wato dai gumin ƙauye ya gina birni fiye da yadda ya gina ƙauyen kansa.

Abin da ya kwantar da tsohon dogo, da abin dubawa a sabo

An rufe siririn layin Jos a 1957, bayan layin gabas ya isa Jos ta Kafanchan tun 1927 ya ƙwace masa dakon kuza. Sauran layukan sun yi ta ja da baya saboda dalilai da suka taru: kwalta da manyan motoci masu zuwa har ƙofar gona, ficewar ƙwararrun ma'aikata 'yan Gabas a rikicin 1966, kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, farin farkon shekarun 1970, cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, rushe hukumomin ciniki a 1986, sannan rufewar masaƙun Kaduna ɗaya bayan ɗaya. Kayan da aka gina dogon dominsu sun ragu, gyara kuma ya tsaya. An farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012, amma bai koma yadda yake ba.

Halin da sabon layi zai tarar ya bambanta ƙwarai. A 1911 abokin takarar jirgi jaki ne, yau tirela ce, wadda ke loda masara a Giwa ko Saminaka ta sauke a Ikko ba tare da an sake taɓa buhun ba. Jirgi zai fi ta araha ne kawai in kaya suna da yawa, tafiya tana da nisa, kuma lodi da saukewa ba su cinye bambancin ba. Jirgin fasinja mai gudu zai amfani ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, in an tabbatar da tsaro, domin harin da aka kai wa jirgin ƙasa ranar 28 ga Maris 2022 a hanyar Abuja zuwa Kaduna bai bar zukatan mutane ba. Amma ƙauyen da jirgi ya ratsa gonakinsa bai tsaya ba, abin da zai gani shi ne diyyar fili, in an biya, da shingen da ya raba shi da makiyaya ko kasuwa sai an zagaya ta gada.

Abubuwan da za su nuna ko manomin Soba ko na Maƙarfi zai ji a jikinsa su ne inda aka ajiye tasoshi, ko an yi musu wurin lodin kaya da ɗakunan ajiya, ko akwai taragan hatsi da na dabbobi da masu sanyi don tumatir da albasa, da kuma halin hanyoyin da suka taso daga ƙauyuka zuwa tashar. Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar dogo, wanda a da na gwamnatin tarayya ne ita kaɗai, don haka tambayar reshen Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda yanzu ana iya kai ta gidajen gwamnatin Kaduna da Katsina da Zamfara, ba Abuja kawai ba.